Katangar tsaron kwamfuta: Yadda ake haɗa adireshi da ƙofar shiga da ta fita a kundin ipset

Katangar tsaro, wadda masu sana'ar kwamfuta ke kira fayawol, manhaja ce ko na'ura da ke tsayawa tsakanin kwamfutocin wani ofis ko shago da sauran duniya, tana tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Duk saƙon da ke yawo a intanet ana yayyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi, kuma a goshin kowane ƙunshi akwai adireshi biyu, na wanda ya aiko da na wanda za a kai wa. Katangar kan gwada waɗannan adireshi da ƙa'idojin da aka shimfiɗa mata, sannan ta yanke hukunci, ko ta bar ƙunshin ya wuce ko ta jefar da shi.

Sai dai adireshi shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin na'urar da ta aiko da ƙunshin ce ke rubuta adireshinta, kuma tana iya rubuta na wani. Abin da mai aikowa ba shi da iko a kansa shi ne ƙofar da ƙunshin ya biyo ya shigo. Don haka ƙa'ida mai inganci kan tambayi abu uku: wane adireshi ne, ta wace ƙofa, kuma shigowa yake yi ko fita. A tsarin Linux, kayan aikin da ake kira ipset yana da wani nau'in kundi mai suna hash:net,iface wanda aka gina musamman domin haɗa adireshi da ƙofa. Rubuta shi ba wuya, amma kalmomi biyun da ke nuna alƙibla a cikinsa, wato src da dst, suna yawan rikita ma'aikata, kuma kuskure a kansu na iya barin ƙofa a buɗe alhali ana zaton an rufe ta.

Asalin ipset

Sashen Linux da ke tace ƙunshin bayanai sunansa Netfilter. Rusty Russell, wani masanin manhaja ɗan ƙasar Ostareliya, shi ne ya fara aikinsa a 1998, kuma ya shiga zubin Linux na 2.4 da ya fito a watan Janairun 2001, tare da umarnin iptables da ake rubuta ƙa'idoji da shi. Tsarin iptables shi ne bin ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa har a kai ga wadda ta yanke hukunci a kan ƙunshin. Idan ƙa'idojin goma ne ko ashirin, babu damuwa. Idan kuwa adireshi dubu biyar ake son tarewa, kuma kowanne da tasa ƙa'idar, to ƙunshin da ba ya cikinsu sai ya ratsa duka dubu biyar ɗin kafin ya wuce, na'urar ta yi nauyi.

Wannan matsala ce ipset ya zo ya warware. Jozsef Kadlecsik, ɗan ƙasar Hangari kuma ɗaya daga cikin jagororin Netfilter, shi ne ya rubuta shi, aka kuma shigar da shi cikin zuciyar Linux a zubi na 2.6.39 a shekarar 2011. Dabararsa ita ce a tattara adireshin a kundi guda mai suna, sannan ƙa'ida ɗaya tak ta nuna kundin. Ana jera abin da ke cikin kundin ta wata hanyar lissafi da ke sa a gano ko adireshi yana ciki ba tare da an bi jerin daga farko zuwa ƙarshe ba. Ana kuma iya ƙara adireshi ko a cire shi ba tare da an taɓa ƙa'idar ba.

Kundin yana da nau'o'i da dama. Nau'in hash:ip na ajiye adireshi ɗaiɗai, hash:net na ajiye rukunin adireshi, hash:ip,port na haɗa adireshi da lambar tashar aiki, shi kuwa hash:net,iface yana haɗa rukunin adireshi da sunan ƙofa.

Mene ne ƙofa, mene ne rukunin adireshi

Ƙofa a nan ita ce abin da masu sana'ar ke kira intafes, wato duk wata kafa da bayani ke bi ya shiga na'ura ko ya fita daga gare ta. Tana iya zama ramin da ake soka wayar netwok, ko eriyar Wi-Fi, ko layin modem. Wata ƙofar ma ba a ganinta da ido, manhaja ce ta ƙirƙire ta, kamar ta VPN. Kowace ƙofa tana da suna a Linux, kuma sunan ba ya wuce haruffa 15. Tsofaffin sunayen su ne irin eth0 da eth1 ga waya, da wlan0 ga Wi-Fi, da ppp0 ga layin modem, da tun0 ko wg0 ga VPN. Tun daga 2013 yawancin nau'o'in Linux sun koma ba ƙofa suna gwargwadon gurbinta a jikin na'urar, kamar enp2s0. Umarnin ip link yana nuna sunayen da ke kan kowace na'ura.

Shi kuwa adireshi na tsarin IPv4 lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.10.7. Idan aka rubuta 192.168.10.0/24, ana nufin rukunin adireshi 256 da suka fara da 192.168.10. Gwargwadon girman lambar da ke bayan karan tsaye, gwargwadon ƙanƙantar rukunin: /16 na ɗauke da adireshi 65,536, shi kuwa /32 adireshi ɗaya ne kacal. Takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 1918 ta shekarar 1996 ta ware rukuni uku domin amfanin cikin gida, su ne 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16. Waɗannan su ne ake gani a kusan kowane ofis da gida, kuma bai kamata ƙunshin da ke ɗauke da ɗayansu a matsayin adireshin mai aikowa ya shigo daga intanet ba.

Dalilin da ya sa adireshi kaɗai bai isa ba

Tsarin intanet tun asali ba ya bincikar ko adireshin mai aikowa na gaskiya ne. Na'urorin da ke kan hanya adireshin wanda za a kai wa kawai suke dubawa, su miƙa ƙunshin gaba. Wannan ne ya ba masu kutse damar yin sojan gona. Mai kutse kan aika ƙaramar tambaya zuwa dubban kwamfutoci a faɗin duniya da adireshin wanda yake son cutarwa, su kuma su antaya wa wancan bawan Allah amsoshi masu girma har layinsa ya toshe. Da irin wannan dabara aka kai wa ƙungiyar Spamhaus hari a watan Maris na 2013, wanda ya kai kimanin gigabit 300 a daƙiƙa guda. Da ita kuma aka kai wa shafin GitHub hari ranar 28 ga Fabrairun 2018, wanda ya kai terabit 1.35 a daƙiƙa.

An san maganin tun kafin waɗannan hare-hare. Takardar RFC 2827, wadda aka fi sani da BCP 38, wadda Paul Ferguson da Daniel Senie suka rubuta aka fitar a shekarar 2000, ta shawarci duk mai kula da hanyar sadarwa da ya tabbatar cewa ƙunshin da ke shigowa ta wata ƙofa yana ɗauke da adireshin da ya dace da wannan ƙofar. Wanda ya zo da adireshin da ba na ɓangarensa ba, a jefar da shi tun daga bakin ƙofa.

A cikin ofis ma haka abin yake. Idan ƙa'ida ta ce duk mai adireshin ma'aikata ya wuce, baƙon da ya hau Wi-Fi na baƙi yana iya sauya adireshin kwamfutarsa zuwa na ma'aikata, ƙunshinsa ya wuce. Gaskiya ne amsar ba za ta komo masa ba, domin za a kai ta ɓangaren ma'aikata ne, saboda haka ba zai iya buɗe shafi ko ya kwafi fayil ta wannan hanya ba. Amma akwai saƙonnin da ba sa jiran amsa, kuma rajistar katangar za ta ɗora laifin a kan ma'aikacin da bai ji ba bai gani ba.

Yadda ake gina kundin

A ɗauki misalin wani kamfanin sayar da kayan masarufi da ke da na'urar Linux mai ƙofa huɗu. Ƙofar eth0 tana haɗe da kamfanin intanet. Ƙofar eth1 ta ma'aikata ce, masu adireshi 192.168.10.0/24. Ƙofar eth2 ta Wi-Fi na baƙi ce, masu 192.168.20.0/24. Ƙofar eth3 kuwa ta sashen kuɗi ce, inda kwamfutar lissafi da ta albashi suke, masu 192.168.30.0/24. Ana ƙirƙirar kundin a zuba masa bayani kamar haka:

ipset create nagida hash:net,iface
ipset add nagida 192.168.10.0/24,eth1
ipset add nagida 192.168.20.0/24,eth2
ipset add nagida 192.168.30.0/24,eth3

Kowane layi a kundin tagwaye ne, rukunin adireshi da ƙofarsa, da waƙafi a tsakani. Kundin shi kaɗai ba ya tare komai, jeri ne kawai, sai an rubuta ƙa'idar da ta nuna shi:

iptables -A FORWARD -o eth0 -m set --match-set nagida src,src -j ACCEPT

Ma'anar wannan ƙa'ida ita ce, ƙunshin da ke neman fita intanet ta eth0 zai wuce idan adireshin mai aiko shi da ƙofar da ya shigo ta ita suna tare a layi ɗaya cikin kundin nagida. Kwamfuta mai 192.168.10.7 da ta shigo ta eth1 za ta wuce. Wannan adireshin dai idan ya ɓullo ta eth2 ba zai wuce ba, muddin an saita katangar ta jefar da duk abin da ba a ba shi izini ƙarara ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin sabuwar na'urar Linux da ba a saita ba kyale komai take yi ya wuce.

Ma'anar src da dst

Kalmar src taƙaitawa ce ta kalmar Ingilishi mai nufin mafari, dst kuma ta mai nufin masauki. Tunda kowane layi a kundin yana da sashe biyu, ana rubuta kalmomin alƙibla guda biyu, ta farko tana magana a kan sashen farko, wato adireshi, ta biyu a kan sashe na biyu, wato ƙofa. A gurbin farko, src na nufin adireshin mai aikowa, dst na nufin adireshin wanda za a kai wa. A gurbi na biyu, src na nufin ƙofar da ƙunshin ya shigo ta ita, daidai da alamar -i a iptables, dst kuma na nufin ƙofar da zai fita ta ita, daidai da alamar -o. Daga nan ake samun haɗi huɗu, kowanne da aikinsa.

Haɗin src,src yana gwada adireshin mai aikowa da ƙofar shigowa. Shi ne maganin sojan gona, kamar yadda misalin sama ya nuna.

Haɗin src,dst yana gwada adireshin mai aikowa da ƙofar fita. Ana amfani da shi wajen tantance wa aka yarda ya bi wane layi. Ofishin da ke da layin intanet biyu, ɗaya mai araha ɗaya mai tsada na ko-ta-kwana, yana iya yin kundin da ya haɗa adireshin sashen kuɗi kaɗai da layin mai tsada, don kada baƙi su cinye datar da kallon bidiyo ranar da babban layi ya ɗauke. Sai dai kundin ba ya zaɓar wa ƙunshi hanya, jadawalin hanyoyin na'urar ne ke zaɓa, katangar kuma ta amince ko ta hana.

Haɗin dst,src yana gwada adireshin wanda za a kai wa da ƙofar shigowa. Da shi ake cewa duk abin da ya shigo ta ƙofar baƙi kuma ya dosa sashen kuɗi a jefar da shi, ko da wane adireshi mai aikowa ya laƙaba wa kansa. A misalin kamfanin, layin da za a sa a kundin hanawa shi ne 192.168.30.0/24,eth2.

Haɗin dst,dst yana gwada adireshin wanda za a kai wa da ƙofar fita. Amfaninsa shi ne tabbatar da cewa saƙon da ya nufi wani wuri ya bi ƙofar da aka tanadar masa. Ma'aikatar da ke haɗe da hedikwatarta ta VPN tana iya amincewa da saƙon da ya nufi adireshin hedikwatar ne kawai idan ta ƙofar tun0 zai fita, ta yadda ranar da VPN ɗin ya faɗi bayanan ba za su bi ta buɗaɗɗen layi a fili ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa kalmomin biyu suna nufin adireshin mai aikowa da na mai karɓa, sai a rubuta src,dst a inda ake nufin src,src. Na'urar za ta karɓi ƙa'idar ba tare da ƙorafi ba, domin rubutun daidai yake a nahawunta, amma tambayar da take yi wa ƙunshin ta zama wata daban. Idan ƙa'idar ta amincewa ce, mutane za su rasa intanet, nan da nan a gane. Idan ta hanawa ce, babu abin da zai tsaya, babu kuma wanda zai yi kuka, sai a yi watanni ƙofa na buɗe.

Shingayen da ƙunshi ke ratsawa

Ba a kowane wuri ne ake sanin ƙofofin biyu ba. Netfilter yana da shingaye biyar. Ƙunshin da ya shigo yana fara tsayawa a PREROUTING, kafin na'urar ta yanke inda za ta kai shi. Idan na ita kanta na'urar ne, sai ya tafi INPUT. Idan wucewa zai yi zuwa wata na'urar, sai ya bi FORWARD. Wanda na'urar ta ƙirƙira da kanta yana farawa ne daga OUTPUT. Duk mai fita kuma yana ƙarewa a POSTROUTING.

A PREROUTING da INPUT, ƙofar shigowa kaɗai aka sani. A OUTPUT da POSTROUTING, ƙofar fita ce ake aiki da ita. A FORWARD ne kawai ake da duka biyun a hannu. Don haka kalma ta biyu tana iya zama src a PREROUTING da INPUT da FORWARD, tana iya zama dst a FORWARD da OUTPUT da POSTROUTING.

Akwai tarko a nan. Idan aka rubuta -i a shingen OUTPUT, iptables zai ƙi karɓa ya kuma faɗi dalili. Idan kuwa ta kundi aka nemi ƙofar shigowa a wannan shingen, za a karɓi ƙa'idar, sai dai ba za ta taɓa dacewa da kowane ƙunshi ba, tunda babu sunan ƙofar da za a gwada. In kuma an sa mata alamar motsin rai da ke juya ma'ana, wato a hana duk wanda ba ya cikin kundin, to kowa za ta hana.

Wani abin lura shi ne, katangar tana ganin abin da ya ratsa ta ne kawai. Kwamfutoci biyu da ke ɓangare ɗaya, a bayan ƙofa ɗaya, suna magana da juna kai tsaye ba tare da sun biyo ta kanta ba. Wanda ya ajiye kwamfutar albashi a rukuni ɗaya da Wi-Fi na baƙi, babu kundin da zai raba su. Sai an raba su a ƙofofi daban-daban, ko ta waya ko ta tsarin VLAN, wanda ke ba da ƙofofi masu suna irin eth1.30.

Amsa tana juya alƙibla

Alƙibla ta ƙunshi ce, ba ta hirar gaba ɗaya ba. Idan ma'aikaci ya buɗe shafin banki, tambayarsa tana shigowa ta eth1 ta fita ta eth0, adireshinsa ne na mai aikowa. Amsar bankin kuwa tana shigowa ta eth0 ta fita ta eth1, adireshin ma'aikacin ya koma na mai karɓa. Ƙa'idar src,src da ta bar tambaya ta wuce ba za ta gane amsar ba. Maimakon a rubuta wa amsa ƙa'ida ta dabam, ana dogara da sashen Netfilter da ke riƙe da rajistar hirarrakin da aka riga aka fara:

iptables -I FORWARD -m conntrack --ctstate ESTABLISHED,RELATED -j ACCEPT

Wannan ƙa'ida kan zauna a saman jeri, sai kundin ya zama yana tantance ƙunshin farko na kowace hira kaɗai. Abin da ke biyo bayan haka shi ne, cire adireshi daga kundi ba ya yanke hirar da ke gudana, sabuwa kawai yake hanawa.

Sauya adireshi ma yana shafar lissafin. Yawancin ofisoshi adireshin waje guda ɗaya suke da shi, na'urar ce ke musanya na cikin gida da shi yayin fita, abin da ake kira NAT. Musanya adireshin mai aikowa ana yin ta ne a POSTROUTING, bayan an wuce FORWARD, don haka a FORWARD adireshin cikin gida ake gani. Musanya adireshin mai karɓa kuwa, kamar idan an buɗe hanya daga waje zuwa na'urar kyamarorin tsaro, ana yin ta ne a PREROUTING, don haka kafin ƙunshin ya iso FORWARD ya riga ya ɗauki adireshin ciki. Wanda ya sa adireshin waje a kundin da FORWARD ke dubawa ba zai kama komai ba.

Gada, togiya da iyakoki

A na'urori da yawa ana haɗa ƙofofi biyu ko fiye su zama gada ɗaya, mai suna irin br0, ko br-lan a tsarin OpenWrt. A irin wannan hali sunan gadar ne katangar ke gani, ba na ramin da aka soka waya ba. Idan ramin kansa ake nufi, ana sa kalmar physdev: gaban sunan, kamar 192.168.10.0/24,physdev:eth1, kuma sai an kunna sashen da ke miƙa ƙunshin gada ga Netfilter, mai suna br_netfilter.

Ana iya yin togiya a cikin rukuni da kalmar nomatch. Idan ana son duk ma'aikata su fita intanet ban da na'urar buga takardu mai 192.168.10.9, sai a ƙara layin 192.168.10.9,eth1 tare da nomatch. Wannan yana aiki ne saboda binciken kundin yana farawa daga rukuni mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, sai a ci karo da togiyar kafin a kai ga babban rukunin. Nau'in hash:net,iface yana kuma karɓar 0.0.0.0/0, wato kowane adireshi, abin da hash:net ba ya karɓa a layi guda.

Kundin yana da iyakoki. Idan ba a faɗi adadi ba lokacin ƙirƙira, layi 65,536 yake ɗauka, ana kuma ƙarawa da kalmar maxelem. Rukunin adireshi ɗaya ba ya haɗuwa da ƙofofi fiye da 64 a kundi guda. Lokacin bincike yana ƙaruwa ne da yawan girman rukuni daban-daban da ke ciki, ba da yawan layuka ba. Kundin IPv4 kuma ba ya ɗaukar adireshin IPv6. Wannan sai an yi masa nasa kundin da family inet6 da nasa ƙa'idojin a ip6tables, in ba haka ba an toshe ƙofar gaba an bar ta baya.

Gwaji da kiyayewa

Umarnin ipset test nagida 192.168.10.7,eth1 yana faɗin ko tagwayen suna cikin kundin. Amma bai tabbatar da cewa alƙiblar da ke cikin ƙa'idar daidai take ba. Wannan sai an duba ƙidayar da iptables -L FORWARD -v -n ke nunawa a gefen kowace ƙa'ida. Ƙa'idar hanawa da ƙidayarta ta tsaya a sifili bayan an gwada keta ta da gangan daga ɓangaren baƙi, ba ta aiki.

Kundin ba ya bincikar ko ƙofar da aka rubuta tana nan. Idan aka sauya katin netwok ko aka sabunta tsarin, eth1 ta koma enp2s0, layin zai zauna a kundin yana jiran ƙofar da ba ta wanzu. Haka kuma kundin yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, da zarar wuta ta ɗauke ya tafi. Ana ajiye shi da ipset save, a dawo da shi da ipset restore, kuma dole a dawo da shi kafin ƙa'idojin iptables, domin ƙa'idar da ta nuna kundin da babu shi ba ta loduwa. A wuraren da ake yawan sauyawa tsakanin wutar lantarki da janareta, gwada kashe na'urar da kunna ta wani ɓangare ne na aikin. Idan ana son sauya jerin gaba ɗaya, ana cika sabon kundi a gefe sannan a musanya su da ipset swap, ta yadda babu daƙiƙar da katangar za ta zauna ba kundi. Mai aiki daga nesa kuma yana iya kulle kansa a waje da ƙa'ida ɗaya, shi ya sa aka tanadi iptables-apply, wanda ke mayar da tsofaffin ƙa'idoji idan ba a tabbatar da sababbin cikin ɗan lokaci ba.

Magajin iptables da sauran na'urori

Tsarin nftables ya shiga Linux a zubi na 3.13 a watan Janairun 2014 domin ya gaji iptables da ipset gaba ɗaya. Debian 10 da Red Hat Enterprise Linux 8, waɗanda duka suka fito a 2019, sun ɗauke shi a matsayin ginshiƙin katangarsu, OpenWrt kuma ya koma kansa a zubi na 22.03. A nftables kowane abu da sunansa: saddr adireshin mai aikowa, daddr na mai karɓa, iifname ƙofar shigowa, oifname ƙofar fita. Abin da ipset ke rubutawa src,src a can ana rubuta shi ip saddr . iifname, sannan sunan kundin. Ruɗanin kalma ɗaya mai ma'ana biyu ya kau, amma batun shingaye da na juyawar amsa da na NAT suna nan yadda suke.

Na'urorin MikroTik na ƙasar Latbiya, waɗanda masu sayar da intanet a kasuwanni da otal-otal da makarantun Najeriya ke yawan amfani da su, sun raba abin gida biyu: jerin adireshi daban, jerin ƙofofi daban. Ƙa'ida kan haɗa src-address-list ko dst-address-list da in-interface ko out-interface. Bambancin shi ne ba a ɗaure kowane rukuni da ƙofarsa a layi ɗaya, don haka kowace ƙofa tana buƙatar tata ƙa'idar idan ana son kama mai sojan gona.

Abin da ya shafi mai ofis

Ba lallai ne ɗan kasuwa ko shugaban sashe ya iya rubuta waɗannan umarni ba, amma alhakin bayanan da ke hannunsa yana wuyansa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa masu riƙe da bayanan mutane ɗaukar matakan fasaha da suka dace domin kare su, kuma jerin albashi da lambobin asusun abokan ciniki suna cikin irin waɗannan bayanai. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, kuma tsagar katangar kwamfuta ba a ganinta sai an gwada.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa mai haɗa na'urar ba su da yawa. Shin baƙi da ma'aikata da sashen kuɗi suna bayan ƙofofi daban-daban? Shin ƙa'idojin suna duba ƙofa tare da adireshi, ko adireshi kaɗai? Me ke faruwa da ƙunshin da babu ƙa'idar da ta ambace shi? An yi wa IPv6 nasa tanadin? Bayan ya amsa, sai a nemi ya hau Wi-Fi na baƙi a gaban mai ofis ya gwada isa kwamfutar lissafi, sannan a kashe na'urar a sake kunna ta, a maimaita gwajin.